Ranar da Na Ɗanɗana Teku a Zuru

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da kuwa ina so in manta, domin 'yan ajinmu sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta har ranar da za mu bar makarantar. Bari ma in faɗi laifina da bakina tun kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri: na ɗauki wani abu a ɗakin kakata ban tambaye ta ko na mene ne ba. Shi ke nan fa. Ban fasa gilashin motar kowa ba, ban kwance akuyar maƙwabta ba. "Kaka, wannan na mene ne?" Abin da ya gagare ni faɗa ke nan, ni da aka sani da surutu tun daga gidanmu har bakin tasha.

Lokacin ina aji biyu na babbar sakandare a nan Zuru. Malamar da ke koya mana bayoloji, Malama Rifkatu, ta kawo mu kan darasin rabe-raben halittu. Ita ba ta da wahalar bayani. Ta ce idan ka haɗu da baƙo a mota, ai za ka tambaye shi daga wace masarauta yake, wane gari, wace unguwa, gidan wa. To haka masana ke yi wa kowace halitta, daga giwa har kwarkwata, sai sun kai ta ƙofar gidan ubanta.

Sai ta ciro wayarta ta ce mu matso. Mu arba'in da wani abu muka taru a kan waya ɗaya, wani na taka wani. Bidiyon ƙarƙashin teku ne. Ruwa garai-garai, ga wasu abubuwa masu rassa, ja da rawaya da shuɗi, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwaƙwalwar sa a faifan mahauci, ƙananan kifaye na shige da fice a tsakaninsu kamar ranar kasuwa.

"Wannan shi ne murjani," in ji Malama. "Dabba ne, ko tsiro, ko dutse?"

Ban ko ɗaga hannu ba. "Tsiro ne, Malama! Dangin rogo!"

Hadiza, wadda tun aji ɗaya ba ta taɓa sakin na ɗaya ba ko da wasa, ta kalle ni kallon tausayi. "Dutse ne, Malama. Da shi ake yin abin wuya."

"Duk kun faɗi," in ji Malama. "Dabba ne."

Ban ji zafin faɗuwata ba sam. Daɗin da na ji shi ne Hadiza ma ta faɗi, kuma a gabana. Daga wannan ranar na kamu da son murjani.

(Ka tuna fa, ni ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kogin Yauri, shi ma ta tagar mota, ina tsakiyar amai.)

Malama ta yi mana bayani. Abin da muke gani kamar dutse gida ne. Masu gidan wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne da ake kira folif, da yawansu ba su wuce ƙwayar dawa ba. Kowanne jikinsa kamar 'yar jaka, baki ɗaya a sama, kewaye da 'yan hannaye kamar zare, kuma hannayen suna harbi kamar kunama idan abinci ya gifta. Kowane folif yana gina wa kansa ɗan ƙoƙo da irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, ya zauna a ciki. Idan ya mutu, na baya su yi gini a kan nasa. A haka, a haka, har a sami tudu a ƙarƙashin ruwa wanda zai iya fasa jirgi. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan hayar da ke cikin jikinsu: wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, waɗanda ke dafa abinci da hasken rana su ba mai gida, su kuma ba shi launi. Idan ruwan teku ya yi ɗumi fiye da kima, sai mai gida ya kori 'yan haya, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi.

A ƙarshen darasin ne ta saki labarin. Za a yi gasar kimiyya ta makarantu a Birnin Kebbi, kuma ɗalibi ɗaya tak makarantarmu za ta tura. Nan da mako uku, ranar Alhamis, duk mai so ya kawo aikinsa ya baje a gaban iyaye da malamai. Wani Dakta daga jami'a zai zo ya zaɓa.

Kujera ɗaya. Duk ajin suka juya suka kalli Hadiza, kamar an riga an ɗinka mata ita. Ni kuwa a zuciyata na riga na shiga mota, na zauna gaba kusa da direba, ina ɗaga wa mutanen Zuru hannu.

Makon farko na cinye duk abin da laburaren makaranta ke da shi a kan teku (shafi huɗu ne da rabi, rabin gara ta riga ni). Sauran na roƙi Malama ta riƙa ba ni aron wayarta lokacin tara. Na haddace cewa murjani yana masarautar dabbobi, a babban dangin da ake kira Nidariya, wato masu harbi, tare da 'yan'uwansa masu yawo a ruwa kamar lema. Na haddace cewa murjani mai tauri hannayensa shida-shida suke tafiya, shida ko sha biyu ko sama, mai laushi kuwa takwas ne cif. Na san kifin aku, mai baki kamar na aku, wanda ke gurgurar murjani ya yi kashinsa farin yashi. Na san wata tauraruwar teku mai ƙaya wadda ke hawa kan murjani ta cinye masu gidan ta bar kango. Na san kaguwa danginta daban, dodon koɗi danginsa daban, duk da unguwarsu ɗaya.

Gidanmu kuwa sun sha wahalata. Kaza ba ta isa ta wuce ba sai na faɗa mata danginta. Wata rana Mama na wanke-wanke na tsaya a kanta na ce, "Mama, kin san a teku soso dabba ne?"

Ta miƙo mini sosan. "To ga dabbar. Ka gama kwanonin nan kafin ta cije ni."

Matsalata ɗaya ce: ba ni da abin nunawa. Hadiza ta tara ganyaye da ƙwari na gaske, ta manne su a kwali, ta rubuta wa kowanne sunansa da rubutunta mai kama da na inji. Ni kuwa zane kawai gare ni, kuma folif ɗin da na zana ya fi kama da albasar da ta tsiro. Malama ta duba ta ce, "Bayaninka ya yi. Amma alƙali yana son abin da zai taɓa da hannu." To a ina zan samo teku a Zuru? Mu da duwatsu suka kewaye ta ko'ina?

Ana saura kwana huɗu, Kaka ta kira ni daga gindin mangwaro. Ita kakata ta wajen uba ce, kuma tun ina rarrafe take kirana Maigida, ni kuma in ce mata Amarya idan ina neman tsokana.

"Maigida! Shiga ɗaki ka ɗauko mini man zafi a ƙarƙashin gado. Gwiwar nan ta fara."

"Amarya kin tsufa, zan sake sabuwa."

"Wa zai aure ka da wannan kai kamar tulu? Wuce!"

Na durƙusa ina lalube, sai hannuna ya bugi wani tsohon kwanon soja mai murfi. Mai hankali zai ture shi ya ci gaba da neman man zafi. Ni na buɗe. A ciki akwai wani abu naɗe da tsohon kallabi, an naɗe shi da kyau kamar jariri. Na warware.

Dutse ne fari, bai kai sabulun wanki girma ba, ba shi da nauyi. Jikinsa duk 'yan ramuka ne jere kamar saƙar zuma. Na kai shi bakin taga. A cikin ramukan akwai 'yan layuka da suka taso daga tsakiya zuwa gefe, kamar wayoyin ƙafar keke.

Jama'a! Na ga wannan hoton a wayar Malama ya fi sau ɗari. Murjani ne. A Zuru. A ƙarƙashin gadon Kaka, kusa da buhun gyaɗa.

Na ɓoye shi a riga na zagaya wajen Mama, tana tankaɗe. "Mama, wannan fa daga ina?"

Ta ɗan ɗago. "Na Baba Soja ne. Daga bakin teku ya kawo shi, lokacin da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya can gabashin Afirka. Maza mayar mata, ka san halinta a kan kayanta."

Baba Soja shi ne kakana, mijin Kaka, ya rasu ina ƙarami. Ka ga ke nan komai ya haɗu: teku, soja, kwano mai murfi, kallabi. Na ce lallai wannan kayan tarihi ne, Kaka ta adana shi don tunawa da mijinta, wataƙila ma takan ɗauko shi ta yi ɗan kuka. Idan na tambaye ta, cewa za ta yi a'a. Saboda haka na yanke shawarar in sauƙaƙa mata wahalar cewa a'a. Na mayar da shi na ɗauko mata man zafi, na bari sai ranar Alhamis.

Ranar da safe, Kaka ta zagaya lambun bayan gida tsinkar kuɓewa, ni kuma na zagaya ƙarƙashin gadonta.

Na isa makaranta da wuri na ɓuya a bayan aji ina ƙare wa dukiyata kallo. A nan ne na lura da wani abu. A gefe ɗaya na dutsen, wanda ya ɗan fi santsi, ramukan a cike suke da wani gari-gari, fari mai ɗan toka-toka. Na karyo tsinken tsintsiya na tono shi a kan farar takarda. Ya taru kamar rabin cokalin shayi.

Me zai zauna a cikin ɗakin folif in ba folif ba?

Yanzu fa, na san littafi ya ce jikin folif taushi gare shi kamar majina, kuma yana mutuwa yake ruɓewa, ruwa ya wanke. Na sani sarai. Na ma ja layi a ƙarƙashin wurin. Amma sai na ce wa kaina, ai wanda ya rubuta littafin bai taɓa leƙa ƙarƙashin gadon Kaka ba. Na naɗe takardar, na rubuta a kai da manyan baƙaƙe: BUSASSUN FOLIF NA GASKE. Ban nuna wa Malama ba. Ina so ita ma ta sha mamaki. (Ta sha kuwa.)

Aka jera tebura a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Iyaye a kan benci, ɗalibai a tsaye a baya, firinsifal da Dakta a gaba. Daktan ɗan gajere ne mai tabarau, kana jin Hausarsa ka san mutumin wajen Argungu ne. Mu shida muka fito. Huɗun farko ba sai na ɓata maka lokaci ba, ɗaya ma injinsa ƙin tashi ya yi, ya tsaya yana ba shi haƙuri. Sai Hadiza. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba "am" ba "to". Dakta ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, ɗiyata." Aka tafa mata. Ta koma gefe ta harɗe hannu tana jirana.

Na fito. Kuma ba yabon kai ba, na yi ƙoƙari. Na fara da tambayar Malama: dabba, tsiro, ko dutse? Wani baba a benci ya ce tsiro, na ce masa, "Baba, ni ma haka na ce, kuma ni ma na faɗi." Aka yi dariya. Na kawo folif, na kawo 'yan haya masu dafa abinci da rana, na kawo kifin aku da kashinsa na yashi (a nan 'yan aji ɗaya suka kusa faɗuwa). Na nuna zanena, na ba da haƙuri a madadin albasar. Sai na sa hannu a aljihu a hankali, na fito da kallabin na warware.

"Wannan," na ce, "daga tekun gabashin Afirka ya zo."

Dakta ya miƙe da kansa ya zo, ya ciro ɗan gilashin ƙara girma daga aljihunsa, ya duba. Ya ɗago ya kalle ni, ya sake dubawa. "Ikon Allah," ya ce. "A Zuru?"

Na saci kallon Hadiza. Ta sauke hannuwanta.

Da a nan na tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ka. Amma mutum irina ba ya ganin wurin tsayawa sai ya wuce shi.

"Ba shi ke nan ba, ranka ya daɗe!" Na buɗe takardar. "Ga masu gidan da kansu. Busassun folif. Ni na tono su da hannuna."

Firinsifal ya matso, ya dangwala yatsa a garin, ya murza, yana gyaɗa kai kamar ya saba da folif tun yana yaro. Dakta ya ɗora gilashinsa a kai. Ya daɗe. Ya ɗan shinshina. Can ya ce, "Yaro, kana da tabbas kan wanga gari?"

A bayan taro na hango Malama Rifkatu tana girgiza mini kai. Na ɗauka mamaki ne ya kama ta.

"Tabbas, ranka ya daɗe! Har gishirin teku yana nan bai fita ba. Ku gani!"

Na ɗaga dutsen sama yadda kowa zai gani, na juyo gefen mai santsi, na zaro harshe, na lashe shi tun daga ƙasa har sama.

"Gishiri!" na sanar.

(Kuma wallahi akwai gishiri-gishiri. Wannan ne abin da har yau ba na so in zauna in yi tunani a kai.)

'Yan aji ɗaya suka ɓarke da tafi. Ina cikin sunkuyawa ina karɓar tafin ne na ji ƙarar babur ya shigo har cikin filin makaranta, inda ko malamai ba sa shigowa da abin hawa. Ɗan acaɓa ya taka birki. Wata tsohuwa ta sauko da sandarta, ɗaurin zanenta a karkace.

"MAIGIDA!"

Duk taron ya juya. Wasu iyaye suka fara waige-waige suna neman wane dattijo ake kira.

Kaka ta ratso tsakiyar benci, mutane na ba ta hanya. Ta tsaya a gaban teburina, ta kalli dutsen a hannuna, jiƙe da miyau.

"Ɓarawon banza! Na juye ɗaki kaf, sai uwarka ta ce ka taho da shi makaranta. Ba ni dutsen ƙafata!"

"Kaka," na ce ƙasa-ƙasa, "ana taro ne..."

"Taron me? Jibi bikin 'yar ƙanwata a Ribah. Da wannan kaushin zan je, a ce matar soja ta zo da ƙafa kamar bayan kada?" Ta dafa kafaɗar firinsifal, ba ta ko san ko wane ne ba, ta zame silifas, ta ɗago diddigenta sama don kowa ya shaida. "Shekara talatin ina goge faso da dutsen nan, bai taɓa kwana a waje ba!"

Dakta ya kalli diddigen Kaka. Ya kalli garin da ke kan takarda. Ya sake kallon diddigen. Sannan a hankali ya cire tabaransa.

Firinsifal ya kalli yatsansa.

Ni kuwa harshena ne ya tsaya a tsakiyar bakina, na rasa inda zan ajiye shi. Ba na so ya taɓa sama, ba na so ya taɓa ƙasa.

Wani daga baya ya yi ihu, "Gishiri!" Shi ke nan. Ban taɓa sanin mutane na iya dariya haka ba. Wata mata ta zamo daga benci. Mai gadin makaranta ya jingina da itace yana share hawaye. Tsuntsayen da ke kan dogon yaro suka tashi gaba ɗaya, ina jin har garin Dirin Daji an ji mu. Malama Rifkatu ta rufe fuska da rajista, kafaɗunta na rawa.

"Me ya yi?" Kaka ke tambayar mutane. Wata ta raɗa mata. Ta juyo ta kalle ni, ta riƙe haɓa. "Kai! Ashe son da kake mini ya kai haka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Zuru dutse ce, ba ta tsagewa. Na fara naɗe kwalin zanena. Birnin Kebbi ta tafi, na sani. Abin da ya rage shi ne in nemi garin da ba a san ni ba.

"Tsaya, yaro." Dakta ne. Ya ɗaga hannu har wurin ya lafa. Shi ma idanunsa sun yi ja don dariya, amma muryarsa ta koma ta aiki. "Wanga gari dai mun san mai shi. To folif ɗin fa, ina sun ka tahi?"

Na haɗiye miyau (kuskure na biyu). Na ce, "Sun mutu tun kafin kakana ya tsince shi, ranka ya daɗe. Jikinsu taushi gare shi, ruɓewa yake yi. Ƙashin gidan kawai ke saura."

"Ka san haka?"

"Na sani."

"To mi ya sa ka ce ga su a takarda?"

"Ina so ne su zama su ne."

Ya yi ɗan murmushi. "To. Yanzu ni na daina yarda da kai. Wataƙila ma dutsen daga tsaunin bayan garinku ya fito. Tabbatar mini murjani ne."

Ya miƙo mini gilashinsa. Na ɗora a kan dutsen, sai na ga ramukan gefen mai santsi duk sun shafe, shekara talatin na diddigen Kaka sun cinye layukan. Ban ga komai ba.

"Juya shi, sakarai," in ji Kaka. "Bayan nan ban taɓa gogawa da shi ba, kaifi gare shi."

Na juya. Ga ramukan nan garau, kowanne da layukansa. Na zaɓi ɗaya na fara ƙirgawa da ƙarfi. Manyan layuka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. A tsakaninsu ƙanana, su ma shida. Na koma rami na biyu, haka. Na uku, haka.

"Sha biyu, ranka ya daɗe. Shida da shida. Dutsen tsauni ba ya ƙirga. Kowane rami ɗakin folif ɗaya ne, layukan nan kuma su ne bangayen da jikinsa ya zauna a kai. Masarautar dabbobi, dangin Nidariya masu harbi, gidan Antozowa masu kama da fure, ɗakin masu shida-shida. Murjani mai tauri ne, irin mai gina tudu. Da mai laushi ne, da takwas za mu gani, kuma da bai bar dutse irin wannan ba."

Dakta ya karɓi gilashin ya ƙirga da kansa, leɓɓansa na motsi. Ya ɗago. "Sha biyu."

Wannan karon tafin daban ne. Iyaye ne suka fara.

Ya juya wajen Kaka ya ɗan rusuna. "Inna, yaya an ka yi kin ka samu wanga abu?"

Kaka ta gyara tsayuwa, ta mayar da silifas. "Mijina ne. Da suka dawo, sauran sojoji sun kawo wa matansu atamfa, wasu agogo. Shi ya miƙo mini dutse. Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Sai ya ce ya ga yadda noman tudu ke farfasa mini ƙafa, shi ya sa da ya taka shi a bakin ruwa ya tuna da ni." Ta dubi dutsen. "Ya ce a can ruwan kamar gilashi yake, kana hango gonaki a ƙasa, ja da kore, kifi na kiwo a ciki. Na ce masa ƙaryar soja ce."

"Ba ƙarya ba ce, Kaka," na ce. "Akwai a wayar Malama."

"To atamfofin nan dai duk sun yage," in ji ta. Ta fizge dutsen daga hannuna ta juya shi. "Wai da gaske dabba ce?"

"Gidan dabba ne."

"Allah ya yi mata albarka. Ta iya gini."

Dakta da firinsifal da Malama suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus na ɗan lokaci, firinsifal na ta goge yatsa a jikin rigarsa. Sannan Dakta ya dawo. Ya yabi Hadiza sosai, ya ce bai sami kuskure ko ɗaya a aikinta ba. Sai ya ce, "Amma mai dutse shi za ya tahi Birnin Kebbi. A ba shi ruwa ya kurkure baki tukuna."

Hadiza ce ta kawo ruwan da kanta, a kofin roba. Ta miƙo mini daga nesa, da tsawon hannunta.

"Ungo, Farfesa. Na so kujerar nan, ba zan ɓoye maka ba. Amma in sai an yi abin da ka yi ake samunta, na bar maka har abada."

Kaka ba ta jira an gama taro ba. Ta ƙulle dutsenta a bakin zane, ta hau bayan ɗan acaɓanta, ta ce mini in na dawo gida za mu yi magana. Mun yi kuwa, ita ta yi maganar, sandar ta taya ta. Ta je bikin Ribah da diddige sumul. Da ta dawo ta ba ni aron dutsen na kwana uku, bayan ta tafasa ruwa ta wanke shi da omo da tsohon buroshi, ta kuma sa na rantse a gaban Mama cewa ba zan bar kowa ya taɓa shi da baki ba, har da ni.

Abin da na koya? Masanin kimiyya yana da ido, yana da hanci, yana da gilashin ƙara girma. Harshe kuwa a bar shi a inda Allah ya ajiye shi.

Idan ka tambayi yaran unguwarmu za su ce maka na ɗaya na zo a Birnin Kebbi, har an ɗaga ni sama. Ni na gaya musu haka. Gaskiyar ita ce na uku na zo, aka ba ni takardar shaida da ƙamus. Wanda ya zo na ɗaya murhu mai aiki da hasken rana ya kawo, ya dafa wa alƙalai ƙwai a gabansu.